IN WUTAR GAREJI TA ƊAUKE, A BINCIKI KAYA KAFIN A ZARGI FIS

A gidajen ma'aikata da yawa na garuruwanmu, gareji ya daina zama ɗakin mota kaɗai. Wani ya yi ritaya ya sayi injin zarto ya kama aikin kafinta, wani ɗansa ne ya gama kwalejin koyon sana'a ya kafa injin walda, wani kuwa ya ba mai fentin mota hayar wurin. Wannan duk abin yabo ne, gama sana'a ita ce rufin asirin mutum. Amma akwai kuka guda ɗaya da ake ji daga bakin kusan dukansu, watau da zarar an ta da inji sai wuta ta ɗauke, ko fis ya ƙone, ko bireka ta faɗi, aiki ya tsaya cik.

Mafi yawan mutane in haka ta faru sai su ɗora laifi a kan kamfanin wuta, ko su ce fis ɗin ne ba shi da ƙarko. Sau da yawa kuwa fis ya yi daidai aikin da aka sa shi ne. Shi mai gadi ne, kuma abin da yake gadi ita ce wayar da ke binne cikin bango. In ya ƙone, saƙo ya kawo cewa an ɗora wa wayar nan abin da ya fi ƙarfinta. Mai hankali sai ya tsaya ya karanta saƙon, ya gane inda cutar take.

YADDA AKA JA WUTAR TUN FARKO

Da yawa daga gidajen gwamnati da na unguwannin ma'aikata an gina su ne tsakanin shekarun 1960 da 1980, zamanin da aka haɗe hukumar ECN da ta madatsun ruwan Neja aka kafa NEPA a 1972. A lokacin nan wanda ya zana gida bai nufi gareji da kome ba illa ajiye mota. Saboda haka abin da aka kai masa shi ne ƙwan fitila ɗaya, in an yi alheri a ƙara soket ɗaya, shi ma sau da yawa daga layin kicin ko na falo aka jono shi. Da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, aka sayi firiji da fanka da dutsen guga, kaya ya ƙaru a kan waya. NEPA ta zama PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin raba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, amma wayar da ke cikin bangon gidajen nan tana nan yadda aka bar ta, sai dai tsufa da ta ƙara.

Wuta takan shigo gida ta mita, ta wuce akwatin raba wuta, daga nan ta kasu layi-layi. Kowane layi da kaurin wayarsa da kuma mai gadinsa. Layin fitilu yana da siririyar waya mai kaurin murabba'in milimita 1 ko 1.5, da fis mai amfiya 5 ko bireka mai amfiya 6. Layin soket yana da waya mai 2.5, da mai gadi na amfiya 20 in layin ya miƙe ne bai dawo ba, ko na 30 zuwa 32 in ya zagaya ya komo akwati kamar zobe, bisa tsarin da muka gada daga Ingila. Waɗannan lambobi ba da ka aka zaɓe su ba. An auna kowane mai gadi ne domin ya yanke wuta tun wayarsa ba ta yi zafin da zai narka rigarta ba.

LISSAFIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Mai karatu ya ɗauki wutar lantarki kamar ruwan famfo. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura ruwan, amfiya ita ce yawan ruwan da ke gudana, waya ita ce bututu, wat kuwa shi ne yawan aikin da ake samu. A Nijeriya ƙa'idar wutar gida bolt 230 ce. In aka raba wat ɗin inji da 230, sai a sami kimanin amfiyar da yake ja. Kowane inji na kirki yana da ɗan allo manne a jikinsa wanda aka rubuta wat ko amfiyarsa, kuma daga nan ake fara bincike.

Filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi yana da ɗan fis a cikinsa wanda bai wuce amfiya 13 ba, watau kimanin wat 3,000 ke nan iyakar abin da filogi ɗaya zai ɗauka. Layin fitilu mai amfiya 6 bai wuce wat 1,380 ba. To, ga abin da injuna ke ci. Injin huda na hannu yakan ci wat 500 zuwa 800. Ƙaramin injin yankan ƙarfe wat 700 zuwa 900, babbansa kuwa ya kai 2,000 ko fiye. Injin zarto na hannu wat 1,200 zuwa 1,800. Injin iska mai ƙarfin doki 2, irin na masu fenti da masu faci, yakan ja amfiya 9 ko 10 yana cikin aiki. Injin walda irin na taransifoma kuwa yana iya jan amfiya 20 zuwa 30, har fiye, gwargwadon kaurin sandar da ake ƙonawa.

Alal misali, a ce gareji yana kan layi mai amfiya 20. Injin iska yana jan 9, babban injin yankan ƙarfe 10. Mai aiki yana ganin bai wuce iyaka ba, gama 19 ke nan. Bai sani ba ashe layin nan shi ne ke ba injin jan ruwa na bayan gida wuta, ga amfiya 5, kuma uwargida ta jona dutsen guga a baranda, ga wata 5. Jimla 29. Bireka mai 20 ba za ta faɗi nan take ba, amma bisa ƙa'idar ƙirarta tilas ta faɗi kafin awa guda ta cika in kaya ya kai wannan adadi. Shi ya sa mutum yakan ce, “Ai jiya na yi aiki da injunan nan biyu lafiya lau.” Gaskiyarsa, jiya ba a yi guga ba.

FIZGAR FARKO

Akwai wani abu kuma da allon inji ba ya faɗa. Kamar yadda amalanke ta fi wuyar turi sa'ad da take tsaye, haka inji yake. Lokacin da zai tashi daga tsaye yakan fizgi wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci yana gudu, na ɗan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Injin iska mai amfiya 9 yana iya fizgar sama da 50 a wannan ɗan lokaci. Waya ba ta damu da wannan ba, domin kafin ta yi zafi abin ya wuce. Amma bireka tana iya ɗaukarsa a kan haɗari ta yanke.

Dalili kuwa shi ne bireka hanya biyu take sauraro. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikinta da ke lanƙwashewa sannu a hankali in ya ji zafi, shi ke lura da yawan kaya. Akwai kuma maganaɗisu da ke fizge ta cikin ƙiftawar ido in wuta mai yawa ta taho gaba ɗaya, shi ke lura da haɗuwar wayoyi. A jikin kowace bireka akwai harafi gaban lamba, kamar B16 ko C20. Mai harafin B takan faɗi nan take in wuta ta kai ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C ninki 5 zuwa 10, mai D ninki 10 zuwa 20. Ke nan B16 tana iya faɗuwa tun daga amfiya 48, fizgar injin iskan nan ta ishe ta, alhali C16 ba za ta motsa ba sai an kai 80.

LOKACIN FAƊUWA SHI NE SHAIDA

Wanda ya fahimci wannan ya sami mabuɗin bincike. Tambaya ta farko ita ce, yaushe wutar take ɗaukewa?

In sai an yi minti biyar ko ashirin ana aiki sa'an nan ta faɗi, kuma in aka taɓa birekar aka ji ɗumi, ta ƙi komawa sai ta huce, to kaya ne ya yi yawa.

In daidai lokacin da aka danna makunnin inji take faɗuwa, wani sa'i kuma injin ya tashi lafiya, to fizgar farko ce.

In ko yaushe aka jona wani inji guda sai ta faɗi da ƙara, ko da tartsatsi, ko da a wane soket aka kai shi, to wayoyi sun haɗu a cikin injin ko cikin igiyarsa. In kuwa an cire kome daga soket amma duk da haka ta ƙi tsayawa, cutar tana cikin bango, wataƙila ɓera ya ci rigar waya ko ƙusa ta huda ta. Wannan aikin gwani ne, kada a yi ta mayar da bireka da ƙarfi.

Akwai kuma wata irin bireka mai ɗan maɓallin gwaji a fuskarta. Ita ba yawan kaya take aunawa ba, yoyon wuta take kamawa. In wutar da ta fita ba ta dawo cif ba, ko da ratar kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya ce, sai ta yanke, domin mai yiwuwa ta jikin mutum sauran yake bi. In ita ce ke faɗuwa, musamman da damina, a nemi danshi a soket, ko igiyar da ta goge, ko injin da ruwa ya shiga.

BINCIKE MATAKI-MATAKI

Da farko a san abin da ke kan layin. A kashe birekar gareji da rana, a zagaya gida da ƙaramar fitila mai filogi ana gwada kowane soket, a rubuta duk wanda ya mutu. Sau da yawa a nan ake gano firijin daskarewa na sito, ko injin jan ruwa, ko ɗakin yara na bayan gida, duk suna shan ruwa a rijiya ɗaya. A rubuta sunan kowane layi a jikin murfin akwatin, domin amfanin gobe.

Na biyu, a tara amfiyar duk abin da ke iya aiki lokaci guda, a gwada da lambar da ke jikin bireka. Kada a manta da waɗanda ke tashi da kansu, irin su firiji da injin iska, gama su ba sa neman izni.

Na uku, a cire kome, a mayar da wuta, a riƙa jona injuna ɗaya bayan ɗaya. Wanda wuta ta ɗauke a kansa shi kaɗai, shi za a tuhuma.

Na huɗu, a yi amfani da hanci da ido. Bayan an yi aiki, a kashe soket, a zare filogi a ji ƙafafunsa. Ɗumi kaɗan ba kome, amma in ba ya taɓuwa, ko fuskar soket ta yi baƙi, ko ana jin ƙaurin roba, to akwai dunƙulen waya da ya saki, ko bakin soket ya buɗe. Wurin da ya saki yakan yi zafi ko da kaya bai yi yawa ba, kuma babu fis ko birekar da za ta ji shi. Wannan shi ne mugun ɓarawo, wanda ke shiga mai gadi yana farke.

Na biyar, a dubi doguwar wayar jone. Siririyar waya in ta yi tsawo takan shanye ƙarfin wuta a hanya. Waya mai kaurin 1.5 da tsawon mita 50, in tana ɗauke da amfiya 13, takan zubar da kusan bolt 19 kafin ta isa inji, alhali ƙa'ida ba ta so asarar ta wuce kashi 5 cikin 100, watau bolt 11 da rabi. Injin iska da na jan ruwa in ƙarfin wuta ya ragu sukan ƙara jan amfiya, su daɗe suna gurnani kafin su tashi, su yi zafi. Har ila yau, wayar da ke naɗe a gangarta ba ta samun iskar da za ta huce. Masu ƙera ta sukan rubuta lamba biyu a jikinta, ta naɗe da ta warware, kuma ta naɗen ba ta cika wuce sulusin ɗayar ba. A warware ta duka kafin a jona babban inji.

Na shida, a dubi injin kansa. Zarto mai dakusassun haƙora, ko faifan yanka da ake dannawa da ƙarfi, ko ƙurar katako da ta toshe kafofin iska, duk suna sa inji ya ƙara ci. Injin iska yana da wani ɗan bawul da ke sakin iskar da ta rage a kan fistin in ya tsaya, shi ne ɗan hucin nan da ake ji. In ba a ji shi, injin zai tashi ne da kaya a ka. In kuma yana gurnani bai juya ba, galibi kafasitarsa ce ta mutu, a kashe shi nan da nan kafin naɗinsa ya ƙone.

Na bakwai, a lura da ƙarfin wutar da ke shigowa. A unguwar da taransifoma ya yi wa jama'a kaɗan, wuta takan yi rauni da magariba sa'ad da kowa ya kunna kayansa. In fitilu sun yi ja, a haƙura da manyan injuna sai safe. Haka kuma ƙaramin janaretan nan wanda bai kai wat 1,000 ba, ba zai ta da injin iska ba, sai dai a kashe su duka biyu.

ZAFIN ƘASARMU

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Rigar roba da ke jikin wayar gida ba a so zafinta ya wuce digiri 70, kuma lissafin abin da waya ke ɗauka an yi shi ne bisa zafin wuri na digiri 30. In zafin wuri ya kai 40, abin da take iya ɗauka yakan koma kashi 87 cikin 100, a 45 kuwa kashi 79. Wayar da aka ce tana ɗaukar amfiya 24 ta koma 19 ke nan. A Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwanon gareji marar silin. Saboda haka layin da ya yi aiki lafiya da hunturu yana iya gazawa da bazara ba tare da an ƙara masa kome ba.

MAGANIN DA YA FI CUTA MUNI

Abin da ya zama ruwan dare shi ne, in fis ya dami mutum sai ya murɗa wayar jan ƙarfe ninki biyu ko uku a gurbinsa, wani ma ƙusa yake sawa, wani ya naɗe mataccen fis da takardar azurfar taba. Mai ɗan hali kuwa sai ya cire bireka mai 20 ya sa mai 40. Wuta ta daina ɗaukewa, sai a ce an gyara. Alhali an sallami mai gadi ne an bar ƙofa buɗe.

Zafin da waya ke yi ba daidai da amfiya yake ƙaruwa ba. In amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi, in ta ninka uku, ninki tara. Rigar wayar takan bushe a hankali, ta tsattsage, wata rana wayoyi su haɗu a cikin rufi. Gareji kuwa wuri ne na jarkar fetur da fenti da tsumma mai mai da ƙurar katako, kuma galibi bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin da yara ke kwana. Araha ba ta ado. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kan waya bai kai na ƙofa ɗaya ta gidan ba.

GYARA NA GASKIYA

Gyara mafi sauƙi ba ya cin ko kwabo, watau a riƙa yin aiki bi da bi. A bar injin iska ya cika tankinsa a kashe shi kafin a ta da zarto, a mai da firiji da guga wani layi.

Wanda kuwa sana'ar ta zama abincinsa, tilas ya ja wa gareji layinsa na kansa tun daga akwatin raba wuta, da waya mai kaurin 4 ko 6 gwargwadon nisa da kaya, a kafa ƙaramin akwati a garejin, fitilu da birekarsu dabam, soket da tasu, injin walda da injin iska kowa da tasa. Amfanin raba fitilu shi ne kada mutum ya sami kansa cikin duhu faifan yanka yana juyawa a hannunsa. A sa bireka mai kama yoyo, a riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci, a kuma tabbata wayar ƙasa tana haɗe da sandarta. Sauya bireka daga B zuwa C yana magance fizgar farko, amma sai gwani ya auna layin ya tabbata za ta faɗi da sauri in wayoyi sun haɗu, kuma lambar amfiya ba ta canzawa sai an canza waya.

A nemi ma'aikacin da ke da takardar shaida. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayar lantarki shaidar ƙwarewa. Gwani yakan zo da ma'auninsa mai baki kamar awartaki, ya auna amfiyar layi ana cikin aiki, ba da ka zai yi magana ba. A kuma yi hattara wajen sayen waya, domin akwai wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta ba, akwai kuma wadda aka yi wa wankan jan ƙarfe a waje kawai. A nemi mai alamar ingancin hukumar SON. Wanda ke gidan gwamnati ko na haya ya sami izni a rubuce kafin a taɓa akwati, kuma in babban injin walda ne a sanar da kamfanin raba wuta, gama yana iya raunana wutar maƙwabta.

Masu sayen injunan gwanjo su karanta allo da kyau. Na Amurka bolt 120 aka ƙera su, in aka jona su a tamu kai tsaye sai su ƙone. Haka nan shawarwarin da ɗalibai ke gani a intanet daga can, a kan layinsu mai amfiya 15 ko 20 a bolt 120 aka gina su, lambobinsu ba namu ba ne.

Daga ƙarshe, in Allah ya kawo tsautsayi waya ta kama, a fara kashe babban makunni na gida, kada a watsa ruwa wuta tana jone. A yi amfani da busasshen yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda, a fitar da iyali, a kira 'yan kwana-kwana. Bokitin yashi a bakin ƙofar gareji ba ya cin abinci. Amma rigakafi ya fi magani. Duk ran da fis ya ƙone, a mayar da irinsa daidai lambarsa, sa'an nan a ɗauki takarda da alƙalami a lissafa kayan da aka ɗora masa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.